Takarda biyar a cikin jaka, babu wadda ta biya albashin Yaya

Na daɗe ina son rubuta wannan abu ina fasawa saboda maganar gida ce, sai da shi mai lamarin ya ce in rubuta kawai, amma kar in saka sunansa ko sunan inda ya yi aiki. To ba zan saka ba. Ɗan wan babana ne amma gida ɗaya muka tashi a Zariya, don haka Yaya nake ce masa, mutanen unguwa kuma Injiniya.

Injiniyan gine-gine ne, shekara 14 yana aiki da wani kamfani mai zaman kansa a Kaduna, irin masu karɓar kwangilar hanya da kwalbati da ginin makarantu. Lokacin da abin ya faru shekararsa 44, mace ɗaya, yara biyar, babbar tana aji biyar na sakandare, autan shekara 4, ga Hajiya a Zariya da yake tura wa kuɗin cefane duk wata. Abin da ke shiga asusunsa bayan an cire haraji da fansho wajen naira dubu 650 ne. Ba wai mai kuɗi ba ne, amma a dangi shi ake kira in an kwantar da wani a asibiti, kun dai san irinsu, kowane gida akwai guda.

Wata Asabar cikin Oktoba 2023 ya dawo daga sallar asuba ya zauna zai sha shayi, kawai kofi ya suɓuce daga hannunsa na dama, matarsa Anti ta yi masa magana ya buɗe baki zai amsa maganar ta ƙi fita, baki ya karkace. Shanyewar ɓarin jiki. Dama yana da hawan jini kusan shekara shida, maganin kuma sai kai ya yi ciwo ake sha, in an ji garau a ajiye, yadda da yawanmu muke yi. Allah ya taimaka maƙwabcinsu yana gida, cikin awa ɗaya suna asibiti. Kwana 19 ya yi a kwance. Ya fito da ransa Alhamdulillah, amma hannun dama ba ya ɗaguwa, ƙafa tana ja, magana kuma sai a hankali da ƙyar.

Ni aka ɗora wa bin takardu saboda aikin akanta nake yi, kowa ya ɗauka na san kan abin, wallahi ban sani ba, a kansa na koya. Anti ta sauko da wata baƙar jaka daga saman sif ta miƙo min, ta ce Yaya ya sha gaya mata ko bayan ransa ba za su wulaƙanta ba, komai yana ciki. Na zazzage a kan tabarma. Katin asibiti na HMO, wato kamfanin inshorar lafiya, wata wasiƙa daga ofis da ke cewa kamfani yana biyan NSITF, wato asusun gwamnati na biyan diyyar ma'aikata, takardar inshorar hatsari da ya saya da kuɗinsa, fom ɗin inshorar rai ta ma'aikata inda ya rubuta sunayen magada, sai takardun fansho. Biyar kenan. Na ce mata Anti ki kwantar da hankalinki, mutumin da ya tara waɗannan ai ya gama shiri. Har yau ina jin kunyar wannan maganar.

Kafin in shiga takardun bari in faɗi abin da kamfani ya yi, don kar a ce na zalunce su. Takardarsa ta ɗaukar aiki ta ce in ciwo ya kwantar da ma'aikaci za a biya shi cikakken albashi wata uku, rabin albashi wata uku, daga nan likita ya duba a yanke shawara. Haka kuma suka yi, ba su rage ko sisi ba, da suka sallame shi a ƙarshen Afrilu 2024 har suka ƙara masa albashin wata biyu na alheri. Da na je ina ƙorafi wai wata shida ya yi kaɗan ga wanda ya yi musu shekara 14, wani abokina lauya ya ce in je in gode musu, domin dokar ƙwadago ta Najeriya kwana 12 kacal ta tilasta a shekara na hutun rashin lafiya da albashi, kuma ko wannan ɗin, ma'anar ma'aikaci a cikin dokar ba ta haɗa da masu muƙamin gudanarwa da ƙwararru irin su injiniya ba. Su abin da ke cikin takardarsu ta ɗaukar aiki shi ne dokarsu. Mutum nawa ne cikinmu ya karanta wannan shafin ranar da yake rawar jiki zai sa hannu?

Katin asibiti shi ya fara aiki kuma gaskiya ya yi rana. Kuɗin gado, ƙarin ruwa, allurai, yawancin magani duk an ɗauke mana. Inda ya tsaya shi ne wajen gashi. Tsarin da aka saya musu zama goma na gashin ƙashi ya yarda da shi a shekara, ita kuma likitar gashin ta gaya mana ɓaro-ɓaro cewa wata uku zuwa shida na farko su ne lokacin da jiki ya fi saurin dawowa, tana son ganinsa sau uku a sati. Zama goma ai sati uku ne da ɗoriya, daga nan sai aljihu. Wani abin da ban taɓa kawowa a raina ba, katin nan na kamfani ne, ranar da sunanka ya fita daga takardar albashi ranar ya daina aiki, kai da matar da yaran gaba ɗaya. Daga baya mun yi musu rajista da tsarin lafiya na jihar Kaduna, na KADCHMA, muna biya da kanmu, ya rage mana zafi sosai, amma shi ma magani yake saye, ba ya sayen buhun masara balle ya biya mai gidan haya.

Sai NSITF, wadda na fi sa rai a kanta, don daren da na karanta dokar sai da na miƙe tsaye. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1987, ta ɗora wa mai kamfani ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansa a asusun, ba a taɓa albashin ma'aikaci, kuma wanda ya nakasa gaba ɗaya nakasa ta dindindin kashi 90 cikin 100 na albashinsa za a riƙa biyansa duk wata. Kashi 90 fa! Na kira Anti da sassafe na ce mun samu mafita. Ashe ban kai ƙarshen karatu ba. Sharaɗin shi ne raunin ko ciwon ya same ka a bakin aiki ko ta dalilin aikin. Da daga saman gini ya faɗo, ko tifa ta buge shi a wurin aiki, ko ma hatsari ya yi a hanyarsa daga gida zuwa ofis, domin dokar ta haɗa har da wannan, da maganar ta zo da sauƙi. Akwai kuma wa'adi, ma'aikaci ko iyalinsa su sanar da kamfani cikin kwana 14, kamfani ya sanar da hukumar cikin kwana 7, neman diyyar kuma cikin shekara guda. Na ce wa lauyan nan to ai wahalar aiki ce ta ta da jinin, sati biyu kafin abin yana kwana a wurin aiki saboda za a miƙa wani gini. Ya ce min, "Malam, a kan tabarmarsa ya faɗi ranar Asabar da kofin shayi a hannu, ga fayil ɗin asibiti yana nuna hawan jini tun 2017, ta ina za mu shiga?" Ya ce in mun dage zai shigar, amma shi ba zai karɓi kuɗinmu a kan abin da bai ga nasara a ciki ba. Muka haƙura.

Ni ban ga laifin dokar ba, don raunin aiki aka yi ta. Abin da na gane dai shi ne mu masu aikin ofis da ƙwararru, abin da ya fi kwantar da mu ba faɗowa daga tsani ba ne. Ku duba danginku ku ƙirga waɗanda suka bar aiki kafin lokaci, za ku ga hawan jini, ciwon suga da ya taɓa ido ko ƙafa, ƙoda, daji, ciwon baya. Duk waɗannan a gida suke samun mutum, a kan gadonsa.

Takardar inshorar hatsari ita ta fi ba ni haushi saboda da kuɗinsa ya saya. Wani ejan ne ya zo ofishinsu a 2021 ya yi musu bayani, Yaya ya ɗauki ta naira miliyan 5, yana biyan dubu 20 da 'yan kai duk shekara, bai taɓa fashi ba. A shafin farko an rubuta mutuwa ko nakasa ta dindindin da manyan baƙi, shi kuma kalmar nakasa ya gani ya ce shi kenan. A shafi na huɗu aka fassara hatsari, wai rauni daga wani abu na waje, mai ƙarfi, da ido ke gani, aka kuma jera abubuwan da ba a biya, ciwo da cuta suna sahun farko. Jijiyar da ta toshe a cikin kai ba ta cikin wannan. Ba su yi mana ƙarya ba, komai a rubuce yake, kawai dai ba a karanta ba, ejan kuma bai tsaya a wannan shafin ba. Akwai ma wani jadawali a baya da na tsaya ina kallo, hannu biyu ko ido biyu cikakken kuɗi, hannu ɗaya wajen rabi, babban yatsa kaza, ƙaramin yatsa kaza. Jadawalin bai san sana'arka ba. Likitan tiyata ko tela da ya rasa babban yatsa sana'arsa ta tafi kenan, ni akanta gobe zan koma ofis da bandeji, amma kaso ɗaya za a ba mu.

Inshorar rai ta ma'aikata kuwa dokar fansho ta 2014 ce ta wajabta, kamfani ya yi wa kowane ma'aikaci ta aƙalla ninki uku na albashinsa na shekara, kamfanin ne ke biya. A takardar Yaya an lissafa ta a kan naira dubu 500 a wata, wato ainihin albashi da kuɗin gida da na sufuri ban da sauran alawus, ya kama naira miliyan 18. Amma sai an mutu ake biya. Ana iya ƙara mata wani ɓangare da zai biya in ma'aikaci ya nakasa ko babban ciwo ya kama shi, da ɗan ƙarin kuɗi, sai dai doka ba ta tilasta wannan ba, kamfaninsu kuma iyakar abin da doka ta ce suka saya. Ranar da nake yi musu wannan bayanin a falo na yi ta kwana-kwana, amma Yaya kansa lafiya lau yake, bakin ne kawai ya yi nauyi. Ya yi shiru can sai ya ce a hankali, kalma ɗaya-ɗaya, "Ashe na fi tsada a mace." Anti ta ce, "Haba Abbansu, wace irin magana ce wannan, ka yi istigfari," ta tashi ta shige ɗaki. Ya yi dariya da rabin bakinsa wai wasa yake. Babu wanda ya taya shi.

Fansho ya ba da wani abu. A ƙa'ida ba a taɓa asusun sai mutum ya kai shekara 50, amma dokar ta yi togaciya ga wanda likita ko kwamitin likitoci ya tabbatar ba zai iya ci gaba da aikinsa ba, shi ana ɗaukarsa kamar wanda ya yi ritaya ko da bai kai ba. Mun samo rahoton likita da wasiƙar sallama daga kamfani, muka kai wa kamfanin fanshon, su ma suka tura PenCom, hukumar da ke kula da fansho ta ƙasa, wajen wata huɗu ana kai da kawowa. Matsalar ita ce abin da ke cikin asusun. Yanzu ana zuba kashi 18, goma daga kamfani takwas daga ma'aikaci, kafin 2014 kashi 15 ne, kuma a shekarun farko albashinsa bai taka kara ya karya ba, don haka duk abin da ya taru wajen naira miliyan 9 ne. Aka ba shi kashi ɗaya cikin huɗu a dunƙule, sauran aka shimfiɗa a kan shekarun da ake kiyasin zai rayu, ya fito da wajen dubu 55 a wata. Daga dubu 650 zuwa dubu 55. Shekaru goma sha shida na gaba, waɗanda a cikinsu ne albashi ke kumbura asusu ya yi nauyi, su ne ciwon ya cinye.

Abin mamaki, wadda ta biya kai tsaye ba ta ma cikin jakar. Yaya yana da bashin albashi a banki da ya ci don biyan haya da gyaran mota, saura wajen naira miliyan 1.4, da albashi ya tsaya suka fara kira. Na je na nemi kwafin takardar bashin don in roƙi a sassauta, ina dubawa sai na ga wani layi, an cire kashi 1 na inshora tun ranar da aka ba shi kuɗin. Na tuna har ƙorafi ya yi min a lokacin wai banki ba sa rasa abin yanka. Na tambayi wannan inshorar ta mene ce, aka duba aka ce ta mutuwa ce da nakasa ta dindindin, ko ta ciwo ko ta hatsari. Muka kai rahoton likitan nan dai, bayan wata biyu da rabi aka share bashin tas. Da ban je da kaina ba da har yau muna biya. Duk wanda ɗan'uwansa ya kwanta kuma ana bin sa bashin banki, dan Allah ya je ya nemi wannan takardar.

To sai zumunci, wanda shi ne inshorar da kowa ke tinƙaho da ita a wajenmu. Mun buɗe guruf a WhatsApp, watan farko mutum 17 suka tura, aka haɗa sama da dubu 400. Wata na shida mutum biyar ne, wata na goma ni da ƙanwarsa da wani abokinsa na makaranta. Ban zargi kowa ba wallahi, ku tuna lokacin, an cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, hauhawar farashi ta haura kashi 30 a farkon 2024, a Disamba ta kai 34.8 a lissafin hukumar ƙididdiga, kowa ta kansa yake yi. Kuma mu al'adarmu ta fi iya rasuwa da ciwon sati biyu, a cika gida, a kawo abinci, a tara kuɗi lokaci guda. Ciwon da ba shi da ranar ƙarewa yana gajiyar da mutane, sai ka ga wanda ya daina turawa ya daina zuwa dubiya ma saboda kunya, shi kuma Yaya rashin zuwan ya fi yi masa ciwo a kan rashin kuɗin. Aka sayar da mota miliyan 4.2, aka sayar da filinsa na Rigachikun miliyan 3, wanda da ba a matse muke ba ya fi haka, dillalai suna jin ƙanshin matsuwa daga nesa. Yara uku aka cire daga makarantar kuɗi.

Bayan ƙura ta lafa na zauna da biro na yi lissafin da ya kamata a ce an yi tun yana da lafiya. Abinci dubu 200, haya in aka raba ta wata-wata dubu 100, makaranta dubu 100, Hajiya dubu 40, wuta da ruwa da gas dubu 40, ya kama dubu 480. Sai sabon kashe kuɗi da ciwon ya zo da shi, magani da gashi da kuɗin adaidaita zuwa asibiti, dubu 70. Dubu 550 kenan, kuma nan ne mutane ke kuskure, suna ɗauka in mutum ya zauna a gida kashe kuɗi zai ragu, alhali man mota ne kawai ya fita, magani ya shigo a madadinsa. Abin da ke shigowa kuma fansho dubu 55, Anti tana koyarwa a wata firamare dubu 45, dubu 100. Giɓi dubu 450 duk wata, miliyan 5.4 a shekara. In aka ce shekara biyar, kafin babbar ta gama karatu shi kuma ya samu wata hanyar, miliyan 27, ba a ma saka tashin farashi ba. Duk abin da muka haɗa, mota da fili da kason fansho da alherin kamfani, bai kai miliyan 11 ba, kuɗin shekara biyu kenan in wani abu bai taso ba, kuma mun riga mun ci fiye da rabi. Ko da inshorar hatsarin nan ta biya, miliyan 5 ɗin ba za ta kai su shekara ba. Shi ya zaɓi adadin ne don ya ji shi da yawa a kunne, bai taɓa raba shi da cefanen wata ba.

A Amurka da Ingila akwai inshora ta musamman don wannan, ta kare albashi, in ciwo ko hatsari ya hana ka aiki sai a jira wani lokaci, galibi wata uku ko shida, daga nan a riƙa biyanka wajen kashi 60 na albashinka duk wata, wasu har zuwa shekarun ritaya. Babbar rigimarsu a can ita ce ma'anar nakasa, shin ka kasa yin sana'arka ce ko ka kasa yin kowane irin aiki, ta farkon ta fi tsada kuma likitoci da lauyoyi ita suke bi. Wannan bambancin a kan Yaya na gan shi a fili. Yanzu yana takawa da sanda, magana ta dawo sosai, kuma ya koyi amfani da kwamfuta da hannun hagu, yana yi wa ƙananan 'yan kwangila kiyasin kuɗin gini, wani watan ya samu dubu 80 wani watan babu. Hawa gini da tsayuwar rana a kan leburori dai ya yi bankwana da su. In da ma'anar kowane irin aiki za a bi, sai a ce ai yana aiki, ba a bin kowa komai. Ni a kamfanonin da na zagaya a nan ban samu mai biyan albashi wata-wata na shekaru ba, abin da suka nuna min na dunƙule ne, inshorar manyan cututtuka da ke biyan wani adadi lokaci guda in likita ya tabbatar da shanyewar jiki ko daji ko bugun zuciya ko mutuwar ƙoda, sai kuma ƙarin nakasa a kan inshorar rai. Kenan dole kai ka yi lissafin giɓinka na wata, ka ninka da shekarun da kake so, sannan ka faɗi adadi, kuma duk shekara ka sake dubawa don naira ba ta tsayawa wuri ɗaya.

Da na fara wannan maganar a gida Baffa ya kira ni ya ce, "Kai ɗana, inshora ai caca ce da riba, kana so ka yi wa ƙaddara shinge ne?" Na ce Baffa Allah ya ƙara girma, maganarka tana da tushe, majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi da ta zauna a Jidda a 1985 ta haramta inshorar kasuwanci, amma a zama ɗaya ta halatta ta taimakekeniya, wadda ake ce wa takaful, inda kowa ke zuba gudummawa a asusu ɗaya da niyyar kyauta, wanda masifa ta samu a cire a ba shi, ba a kuma juya kuɗin a harkar ruwa. A Sudan aka fara kafa irin wannan kamfani tun 1979, a nan kuma NAICOM, hukumar da ke kula da inshora ta ƙasa, ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013, yanzu ga su Noor da Jaiz da Salam suna yi. Na tuna masa hadisin Ash'ariyawa da Manzon Allah (SAW) ya yaba, waɗanda in abincinsu ya yi ƙaranci sai su tara abin da ke hannunsu a mayafi ɗaya su raba daidai. Ya yi shiru, ya ce zai tambayi malaminsa. Bai dawo min da amsa ba amma bai ƙara hana ni ba.

Ni dai gemun ɗan'uwana ya kama da wuta, na shafa wa nawa ruwa iya ƙarfina. Na je ofishinmu na tambayi mai kula da ma'aikata ko inshorar ranmu tana da ɓangaren nakasa, ta ce sai ta duba, bayan sati ta ce babu, muka haɗu mu tara muka rubuta wa manaja a saka a sabuntawa ta gaba ko da za a riƙa cire bambancin daga albashinmu. Na fara tara kuɗin cefanen wata shida a wani asusu da ba shi da kati, na kai wata biyu da rabi. Sannan na je wajen masu takaful da tambayoyina a rubuce, ciwo kuke biya ko hatsari kawai, wace nakasa, kwana nawa ake jira bayan an shiga kafin ta fara aiki, me ba kwa biya, ku nuna min shafin da yatsa. Ma'aikacin ya ce bai taɓa ganin mai tambaya irina ba. Lissafina ya nuna miliyan 20 nake buƙata, aljihuna ya ce miliyan 8, na ce a fara da takwas ɗin.

Sai suka ce adadin ya kai a yi gwajin lafiya, kuma fom ɗin yana tambayar ko akwai hawan jini a dangi. Na so in tsallake, na tuna duk wanda ya ɓoye ciwo ranar biya za a zaro fayil ɗin asibiti a ce yarjejeniya ta rushe, na rubuta gaskiya. Aka auna ni, 150 bisa 95, ni da ban taɓa jin ko ciwon kai ba, shekarata 37. Likitan ya ce in dawo a sake aunawa sau biyu kafin ya rubuta rahoto, ma'aikacin takaful kuma ya ce in ya tabbata to ko su ƙara min kuɗin zubi ko su cire abin da hawan jini ke jawowa daga cikin abin da za su biya, wato dai ainihin abin da ya kai ni wajensu. Da na gaya wa Yaya ya miƙo hannun hagu ya jawo na'urar awonsa daga ƙarƙashin filo ya ce in tafi da ita, Anti za ta sayo masa wata. Ranar Talata zan koma awo na biyu.